A Soweto, Bin Sawun Mawaƙan da Ba Sa Zaman Gida

Abin da ke fara tarbar mai shiga Soweto daga Johannesburg wasu dogayen tuddai ne masu ruwan ƙasa-ƙasa, kansu a shafe. Ba halittattun duwatsu ba ne. Tarin ƙasar da aka yi shekaru ana tonowa ne daga ramukan zinare, kuma a bayansu gwamnatin Turawa ta jibge baƙaƙen fatar da ke yi mata aikin birni, yadda za su zo da asuba su koma kafin dare ba tare da an ga makwancinsu ba. A 1963 aka haɗa unguwannin aka ba su sunan Soweto. Yau mazauna wurin sun haura miliyan guda. Daga nesa ana hango hasumiyoyi biyu na tsohuwar tashar lantarki ta Orlando, waɗanda aka yi wa ado da zane. Tashar ta daɗe tana haska gidajen Johannesburg alhali yawancin gidajen da ke gindinta da kyandir da fitilar kananzir suke kwana. An rufe ta a 1998, kuma yanzu 'yan yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗi a ɗaure musu igiya a ƙafa su diro daga samanta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni ba tsalle ya kai ni ba. Na je ne don in ga garin da ya haifi Soweto Gospel Choir, ƙungiyar mawaƙan bisharar da ta ci lambar Grammy sau uku. Wanda duk ya zo da wannan niyya zai gano wani abu da wuri: da wuya ya same su a gida. Ba su da cocin da za a ce ga shi nan, je ka ranar Lahadi ka ji su. Yawancin shekara suna kan hanya, yau Ostireliya, gobe Amurka ko Jamus. Duk wanda na tambaya ya san sunan, wasu har da alfahari, amma kaɗan ne suka taɓa zama gabansu suna waƙa.

Dalilin yana cikin asalin ƙungiyar. Ba ta tsiro daga wata ikilisiya ɗaya ba. A ƙarshen 2002 wasu masu shirya wasanni 'yan Ostireliya suka nemi a haɗa musu mawaƙan bishara na Afirka ta Kudu da za su zaga da su ƙasarsu. Beverly Bryer, wadda ta san harkar shirya wasa, da David Mulovhedzi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da waƙar coci, su suka ɗauki aikin. Aka yi shela, matasa suka yi ta zuwa gwajin murya daga majami'u daban-daban na Soweto da kewaye, aka tsince na tsincewa. A watan Disamba na shekarar suka naɗi faifansu na farko, Voices from Heaven. Wato tun ran gini aka yi zane: don kunnen waje aka kafa su. Wannan ba aibi ba ne, amma yana bayyana abubuwa da yawa game da yadda suke waƙa.

Wanda ke son jin rijiyar da aka ɗebo su, sai ya sammaka ranar Lahadi. Na nufi Regina Mundi, a unguwar Rockville, cocin Katolika mafi girma a ƙasar. Daga waje ba ta da wani kwarjini: jan bulo, rufi mai siffar tanti, fili da shinge. A ciki ne take buɗewa, benci bayan benci, wurin zaman mutum kusan 2,000. Lokacin sanyinsu ne, wanda ke faɗowa a Yuni da Yuli, kuma garin yana kan tudu, don haka tsofaffi mata sun shigo da barguna a kafaɗa da huluna na ulu. Ba a buga komai ba kafin a fara. Wata mata daga tsakiyar jama'a, ba ma daga gaba ba, ta ɗaga murya ita kaɗai, siririya mai kaifi, ta ja layi guda. Kafin ta sauke, maza sun shigo daga ƙasa, mata sun rabu gida biyu, waƙar ta tsaya da ƙafa huɗu ba tare da wani ya ɗaga hannu ya ba da umarni ba. Dattijuwar da ke gefena tana riƙe da wani ɗan matashin fata, bai fi tafin hannu ba, an ɗinke shi tam. Shi take bugawa da ɗaya hannun, yana ba da wani amo mai nauyi, dum, dum, wata kuma can baya tana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Kayan kiɗan ke nan. Da ta lura ina tsaye ƙiƙam, sai ta zungure ni da gwiwar hannu, ta nuna min ƙafafunta: taku ɗaya dama, taku ɗaya hagu. Duk layin yana tafiya tare, wanda ya tsaya shi ke ɓata sahu.

Bayan an tashi, wani mai kula da cocin ya zaga da mu. Ya nuna ramukan harsashi a silin, da kusurwar bagadin marmara da ta ɓalle. A ranar 16 ga Yuni 1976 ɗaliban Soweto suka fito zanga-zangar ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, da yawa suka gudo nan, aka biyo su har ciki da harbi da barkonon tsohuwa. An bar tabon da gangan. A bango akwai zanen Maryamu da jaririnta, dukansu baƙaƙe, wanda Larry Scully ya yi a 1973. A shekarun da aka hana taron siyasa, coci da jana'iza su ne wuraren da jama'a ke iya haɗuwa, don haka a nan ake yin taron, a fara da waƙar yabo a ƙare da ta gwagwarmaya, murya ɗaya, salo ɗaya. Ko taken ƙasar na yau ya samo rabinsa daga waƙar addu'a da Enoch Sontonga, malamin makarantar mishan ta Methodist, ya tsara a 1897. Saboda haka idan Soweto Gospel Choir suka jera waƙar Yesu da waƙar fursuna a zama ɗaya, ba dabarar kasuwa suka ƙirƙiro ba. Haka suka taras ana yi.

Kuma Regina Mundi ɗaya ce cikin ɗaruruwa. Da hantsi, a filayen da ke bakin rafi, za ka ga ƙungiyoyi cikin dogayen riguna farare da shuɗaye ko koraye, da sanduna a hannu, suna zagaye ganga guda, babu gini babu rumfa. Mazan Zion Christian Church kuwa, masu tauraron azurfa a ƙirji, kakinsu da manyan fararen takalma, tsalle suke yi su dira tare har ƙasa ta amsa. Ranar Alhamis ta mata ce: 'yan Manyano na Methodist, jar riga, farar hula, baƙin siket, suna tafe rukuni-rukuni zuwa addu'a. Wanda ya san Zumuntar Mata a Jos ko Kafanchan ba zai buƙaci tafinta ba, sai dai a nan babu tulun kiɗa. Daga irin waɗannan gidaje ne matasan 2002 suka fito, kowa da abin da ya sha a nono, Zulu da Sotho da Xhosa da Venda da Tsonga, kuma ƙungiyar tana waƙa da yawancin harsunan nan har da Turanci.

Tashinsu ya zo da sauri. A 2003 suka zaga Ostireliya da New Zealand, suka je bikin wasanni na Edinburgh, sannan a watan Nuwamba suka hau dandali a Cape Town a wasan 46664, wanda aka sa wa lambar Mandela ta kurkuku don tara kuɗin yaƙi da ƙanjamau, tare da su Bono da Peter Gabriel. Da faifansu na farko ya fita a Amurka, ya hau saman jadawalin Billboard na kiɗan duniya. Faifansu Blessed ya ci Grammy a 2007, African Spirit ya ci a 2008. Muryoyinsu ne ke bayan Peter Gabriel a waƙar ƙarshen fim ɗin WALL-E, kuma su suka rera Baba Yetu, Addu'ar Ubangiji da harshen Swahili, a faifan Christopher Tin, waƙar da asalinta don wasan kwamfuta aka yi ta, ta kuma ci Grammy a 2011. Mulovhedzi bai ga wannan ba. Ya rasu a ƙarshen 2009. Grammy ta uku ta ƙungiyar kanta ta zo a 2019 da faifan Freedom, wanda suka yi don cikar Mandela shekara 100 da haihuwa. Akbishop Desmond Tutu ne uban ƙungiyar har rasuwarsa a 2021.

Akwai abin lura a lambobin nan uku: duk a rukunin kiɗan duniya aka ba su, ba a rukunin bishara ba. Masu ba da kyautar sun ji Afirka kafin su ji addu'a. Kuma gaskiya ƙungiyar ta san abin da ake saye. A kan dandali akwai riguna masu launi bakwai, da rawar Zulu ta ɗaga ƙafa sama da kai, da guɗa, da gangar jembe wadda asalinta ma ta Mali da Gini ce, ba ta Soweto ba. Akwai waƙoƙin Bob Marley da Jimmy Cliff da Leonard Cohen don baƙon da ba ya jin Zulu ya sami abin kamawa. Shimmy Jiyane, wanda yake cikinsu tun farko kuma ya zama jagoransu, da rawa ya fara, kuma ana gani a aikinsu. Ni dai inda suka fi kama ni shi ne inda suka ajiye jita da fiyano suka bar muryoyi tsirara. A nan ne ake jin horon da suka sha: ashirin da wani abu su ɗauke numfashi lokaci guda, su sauko da murya har kamar raɗa, su tashi tare. Cocin unguwa ba ta iya wannan. Abin da cocin ke da shi, su kuma ba za su iya ɗauka a jirgi ba, shi ne babu mai kallo. Kowa mawaƙi ne, har mai muryar da ta fashe, kuma waƙa ba ta ƙarewa sai wadda ta ɗauko ta ta gaji.

Titin Vilakazi, a Orlando West, shi ne Soweto ta baƙi. A nan gidan Mandela yake, lamba 8115, ɗan ƙaramin gini na jan bulo da ya shiga a 1946, yanzu gidan tarihi ne. Gidan Tutu yana ƙasa kaɗan, shi ya sa ake cewa titin ya zaunar da mutum biyu masu lambar Nobel. Tafiya kaɗan a ƙafa sai wurin tunawa da Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12 da aka harbe a 1976, wanda hoton da Sam Nzima ya ɗauka ana rungume da shi ya zaga duniya. Tsakanin waɗannan wurare akwai gidajen abinci masu tsada, da masu sayar da duwatsun wuya, da samari huɗu-biyar a tsaye suna haɗa murya, hula a ƙasa don a jefa kuɗi. Kada a raina su. Wasunsu sun iya. Mai neman abinci na gaskiya kuma ya bar titin ya shiga lungu ya nemi kota: kwatan burodi ne ake rarake cikinsa a cusa soyayyen dankali da tsiran nama da cuku da yajin mangwaro, a mayar da ɓargon a toshe. Ba a cinsa da mutunci. Musulmi ya tambayi irin naman kafin ya saya.

Aikinsu da ya fi shiga zuciyar mutanen gida ba a wani babban zaure aka yi shi ba. Mandela ya rasu ranar 5 ga Disamba 2013. Kwana biyu bayan haka, a wani kantin Woolworths da ke Pretoria, wani mai kayan ma'aikata ya fara waƙa a tsakanin kantoci, wasu da ake zaton masu sayayya ne suka amsa, ashe duk 'yan ƙungiyar ne. Asimbonanga suka rera, waƙar da Johnny Clegg ya yi wa Mandela a 1987 yana kurkuku, wadda gwamnatin lokacin ta hana sawa. Tallar kanti ce, babu musu, kuma an shirya ta tun kafin rasuwar da wata waƙa daban. Amma babu kayan ado, babu ganga, mutane na tsaye da kwandunan sayayya suna share hawaye, kuma bidiyon ya bazu sosai a intanet.

A motar haya ta komawa, daga babbar tashar da ke gaban asibitin Chris Hani Baragwanath, direba ya saki waƙar bishara da ƙarfi, fasinjoji biyu-uku suna bi. Ba Soweto Gospel Choir ba ce. Joyous Celebration ce, ƙungiyar da take cika manyan zauruka a cikin ƙasar, kuma ita da su Rebecca Malope su ne ke cikin wayoyin mutane, idan ba kiɗan amapiano ake ji ba. Kasuwa ta rabu: su Joyous na gida, Soweto Gospel Choir na waje. Abin da na wajen ke dawowa da shi ba waƙa kaɗai ba ce. Tun 2003 suka kafa asusun Nkosi's Haven Vukani don marayun ƙanjamau, da sunan Nkosi Johnson, yaron da ya rasu a 2001 yana ɗan shekara 12 bayan ya tsaya gaban taron duniya a Durban ya nemi a daina ƙyamar masu cutar. Shekaru da dama, bayan an tashi daga wasa a Turai ko Amurka, mawaƙan kan tsaya a bakin ƙofa su karɓi gudummawar 'yan kallo, kuɗin kuma ya tafi abinci da kuɗin makarantar yara a unguwanni irin waɗanda suka fito.