Ruma da Batsari: Garuruwan Bakin Daji

In mutum ya bar birnin Katsina ya nufi kudu maso yamma, bayan tafiyar wajen mil 30 zai iso Batsari. Tun kafin mu shiga gari muka fara hangen manyan duwatsu, ga gonakin rogo da gero shimfiɗe a kwaruruwan da ke tsakaninsu. Rogon Batsari kuwa sananne ne a kasuwannin ƙasar Katsina.

Amma in kuna so ku san gari, ku tambayi sarautar hakiminsa. Hakimin Batsari Sarkin Ruma ake ce da shi, domin Ruma ita ce tsohon gari, tana nan cikin duwatsu ba nisa. Me ya sa mutanen dā suka zauna a wuri mai wuyar noma haka? Tsoron hari ne. Bayan da Ummarun Dallaji ya karɓi Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka gudu arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Daga can dawakinsu suka riƙa biyowa ta Dajin Rugu suna kai hari, suna kwasar mutane da dabbobi. Ruma ta zama garin bakin daga, dutse ya zama ganuwarta. Har yau dattawa suna ba da labarin Ɗanwaire, jarumin Ruma na wancan zamani.

Da Turawa suka zo a 1903 hare-haren suka kwanta. Mutane suka sauko fili, suka sari gonaki, Batsari ta cika da kasuwa. Haka abin ya kasance a kudu, a ƙasar Safana, inda Yariman Katsina yake hakimi, da Runka da ke bakin dajin sosai. Dajin da ake tsoro ya koma abin arziki: Fulani suna kiwo, mata suna samun itace, maharba suna samun nama, manomi yana sayen nono yana karɓar taki.

Abin baƙin ciki, daji ya sāke zama maɓoya. Satar shanu ta haifi ramuwa, ramuwa ta haifi 'yan bindiga. A Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. Mutane da yawa suka bar gonakinsu suka taru a Batsari. A 2025 shugabannin jama'a na Batsari da na Safana suka yi zaman sulhu da mutanen daji.

Ya ku masu karatu, kakannin Rumawa dutse ne ya tsare su, amma a kwari abinci yake. Manomi ba zai ci ba sai ya iya kwana a ƙauyensa, makiyayi kuma ya bi burtalinsa ba fargaba. Allah ya zaunar da ƙasar Ruma lafiya.