Direban da ba ya tuƙa mota

1/ Duk wanda na ce wa aikina na kammala digiri shi ne rubuta direba, sai ya tambaye ni ta wace mota. To ga bayani, ku biyo ni a hankali.

2/ Faifan ajiya na SATA ba ya magana da Linux kai tsaye. Akwai wata na'ura a tsakaninsu, mai bin ƙa'idar AHCI da Intel ta fitar a 2004. Direba shi ne tafinta tsakanin tsarin aiki da na'urar nan. Linux na da nasa tuntuni, ni ina rubuta nawa ne daga tushe don in san abin da ke ƙasa.

3/ Yadda abin yake: ka ware wuri a RAM, ka rubuta umarni, ka faɗa wa na'urar adireshin wurin, sannan ka kunna bit ɗaya a rajistarta. Kowace kafa tana da gurbin umarni har 32. Ita da kanta za ta kwashe bayanan ta zuba a RAM, wato DMA, in ta gama ta yi maka sigina.

4/ Nan fa haɗarin yake. Manhajar waya in ta rikice, rufewa kawai take yi. Direba kuwa a cikin kanel yake zaune. Adireshi ɗaya ya kauce, na'urar za ta rubuta a inda ka nuna mata, ko da kan takardun wani ne. Shi ya sa a QEMU nake gwaji, ban yarda ya taɓa faifan gaske ba tukuna.

5/ Umarnin farko da na tura shi ne IDENTIFY DEVICE, lamba 0xEC. Faifan ya dawo da bayit 512 na bayanin kansa. Sunansa ya fito "EQUMH RADDSI K", don ƙa'idar ATA tana juya haruffa bibbiyu. Na juya su, sai ga "QEMU HARDDISK". Wallahi sai da na miƙe tsaye.

6/ Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne FLUSH CACHE. Faifai kan ce ya rubuta alhali bayanan na cikin ƙaramar ma'ajiyarsa ta wucin gadi. A ɗauke wuta a lokacin, sun tafi ke nan. Mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, wannan ba karatun littafi ba ne. Direban da ya yi sakaci da umarnin nan zai fi sauri a gwaji, amma ya ci amana.

7/ Da lambar Linux a rufe take, da ban ga komai ba. Lasisin GPL ya sa kowa zai iya buɗe drivers/ata/ahci.c ya karanta kyauta.

8/ Saura min ɓangaren kurakurai: me direba zai yi in faifai ya yi shiru, ko aka zare waya ana tsakiyar rubutu. Wanda ya taɓa aiki da libata, don Allah ya yi min magana. Wata biyu ya rage in kare aikin.