Huhu Uku na Baba



Masu sallar Asuba a ɗan masallacinmu na bakin layi sun san halinmu game da mafarki. Da wuya mako ya wuce ba a samu wanda ya matso bayan an sallame ya ce, "Liman, na ga maciji," ko "na ga haƙorina ya fita" ba. Amsarmu ba ta cika sauyawa ba. Mukan ce malamai sun karantar da mu cewa mafarki iri uku ne: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Wanda ya ga mummuna ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya ba kowa labari. Yawancin abin da ake kawo mana kuwa, a gaskiya, tuwon dare ne da tunanin kuɗin haya. Masu neman lambar caca a cikin barcinsu kuma, waɗannan ba ma tsayawa sauraronsu.

To, sai ga shi abin ya zo kanmu.

Daren wata Alhamis ne cikin damina. Muka ga kanmu a tashar da ake lodin goro zuwa Arewa, irin ta da, da manyan motocin nan masu bodin katako. Mota ta cika, an ɗaure tamfol, direba na ta hon. Mutanen da ke ciki duk mun san su, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya: ladanin da ya yi mana kiran salla muna yara, da wani dillalin shanu maƙwabcinmu, da malaminmu na allo. Fuskokinsu a sake, kamar masu tafiya gida salla. Baba kaɗai ne a ƙasa. Yana sanye da farar rigarsa ta Juma'a, ga huhu uku na goro a gabansa, ganyen ɗanye shar, har ƙamshinsa muna ji. Muka ce, "Baba, ku hau mana, za a tashi." Bai dube mu ba. Ya dafa huhun ya ce, "Kayan ba nawa ba ne." Mota ta tashi ta bar shi.

Muka farka jiki ya jiƙe da gumi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, kuma ba mu taɓa ganinsa a barci ba sai ranar.

Mun ja salla a safiyar nan, amma Allah ya sani rabin hankalinmu na tasha. Muka yi wa kanmu irin fatawar da muke yi wa mutane, muka ce zancen zuci ne. Ba ta zauna ba. Annabi Yakubu ya gargaɗi Annabi Yusuf kada ya ba 'yan uwansa labarin mafarkinsa, don haka muka kama bakinmu kwana uku, sannan muka je wajen Inna, ita da ba za ta so mu da sharri ba.

Ta yi shiru, ta ce, "Je ka ɗauko akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado."

A ciki akwai littafin lissafin Baba, da ajami, tawada ta koɗe. Lokacin rabon gado mun duba shi, mun biya duk wanda ya zo da magana. Kuskurenmu shi ne mun tsaya jiran mai zuwa. Can wajen ƙarshe ga layi guda da ba a soke ba: huhu uku, na wata Bayarabiya mai goro a Shagamu, shekarar canjin kuɗi. Manyanmu sun tuna 1984, lokacin da gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira ta kuma rufe kan iyaka. Goron da Baba ya ɗauka bashi zai wuce Maraɗi ne. Ya maƙale a hanya har ya lalace, jari ya karye, kuma daga nan bai sake komawa Shagamu ba. Inna ta ce, "Kunya ce ta hana shi. Ya sha cewa in ya farfaɗo zai je. Bai farfaɗo ba."

A nan ne muke so 'yan uwa su lura da kyau. Ba a gina hukunci a kan mafarki. Da mun buɗe littafin ba mu ga komai ba, da sai mu yi masa addu'a da sadaka mu yi shiru, ba za mu tashi muna neman wanda za mu ɗora wa bashi ko mu karɓa a hannunsa ba. Rubutun hannunsa da shaidar Inna su ne hujja. Mafarkin tura mu ya yi mu buɗe akwati. Maganar bashi kuwa ba sai an yi mafarki ba: an taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mun sha karanta wannan a gaban jama'a, alhali namu na kwance ƙarƙashin gadon Inna.

Sai rigima ta tashi a gida. Yayanmu ya ce a biya adadin da aka rubuta. Kuɗin da ke rubuce kuwa yau ko kuɗin mota zuwa Shagamu ba zai kai ba. Muka ce, "Yaya, kayan mutane ya ɗauka, mu biya abin da zai sayi huhu uku yau." Ya ce, "Kai da shagonka ke tangal-tangal? Ga kuɗin makarantar yara." Gaskiya ya faɗa, kuma mun san malamai da yawa za su ce adadin da aka rubuta ya wadatar. Amma mun tuna Ibn Sirin, wanda kowa ke jingina masa fassarar mafarki. Ɗan kasuwa ne a Basra, kuma an ruwaito cewa ya zubar da man da ya saya bashi don ya tarar da mataccen ɓera a ciki, har aka ɗaure shi saboda bashin. Mutane sun riƙe fassararsa sun manta cinikinsa. Muka sayar da babur ɗinmu, Yaya ma daga baya ya kawo nasa kason ba tare da ya ce komai ba.

Neman matar ya ci mana tafiya biyu. Dattawan Sabon Shagamu ne suka taimaka, wani tsoho ya gane ta da sunan da ke littafin. Ta daɗe da rasuwa. 'Yarta muka samu, ita ma ta manyanta, tana sayar da goro a ƙofar gida, kuma Kirista ce. Da Yarbancinmu na haihuwar Ibadan muka yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon littafin da ba ta iya karantawa, sannan ta ce, "Alfa, mamata ta sha ambaton wani Bahaushe. Ba ta taɓa cewa ɓarawo ne ba. Cewa take yi wani abu ne ya same shi."

Nan fa hawaye ya ci ƙarfinmu, a gaban mutane.

Ta ce ta yafe, mu koma da kuɗinmu. Muka ce, "Mama, ba ke kaɗai ke da haƙƙi ba, akwai ƙannenki." Ta aika aka kira biyu daga cikinsu, aka ƙirga a gabansu, suka karɓa. Da za mu tashi ta ƙulla mana farin goro a ganye ta ce a kai wa Inna.

Da muka dawo, Inna ta sa muka soke layin da hannunmu. Wasu sun tambaye mu ko mun sake ganin Baba, ko ya hau motar. Ba mu sake ganinsa ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu da naku. Goron kuwa Inna ta ce a raba a masallaci bayan sallar Juma'a, kuma waɗanda suka ci ranar, yau sun ji daga inda ya fito.