Farautar da Ba Ta Zubar da Jini

Idan hunturu ya kama a ƙasar Babura, wajen watan Disamba, an gama girbi, gonaki sun zama fili, gawo kuwa ya yi sabon ganye shar. A wannan lokaci ne mai sha'awar tsuntsaye ya fi samun abin kallo, gama ruwa ya janye, tilas kowace halitta ta nufi tafkin da ya rage.

Shamuwa dai ta riga ta yi kudu, sai damina ta gabato za ta komo. Amma waɗansu baƙi sun maye gurbinta, watau agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu gudun sanyin Turai, waɗanda suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara. Babban masaukinsu shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, amma tafkunan ƙasar Kazaure ma ba sa rasa baƙi. Ga kuma 'yan gida, su balbela, da zalɓe, da hasbiya, da cilakowa.

To, ɗaukar hotonsu aikin mai haƙuri ne. Mutum yakan sa tufa mai launin ƙasa, ya sami gindin itace kusa da ruwa ya zauna shiru. Ya ba rana baya don haske ya faɗa kan tsuntsun, ya fuskanci iska don kada zomo ko dila su sansano shi. Da la'asar abin ya fi daidaituwa, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuwa tana yamma. Ƙura ita ce abokiyar gabar kyamara, saboda haka sai a naɗe ta da tsumma.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala? Dattawa sun san zamanin da ungulu ke cika mahauta, gauraka kuma na rawa a fadama. Yau da wuya yaro ya gan su. A shekarar 2015 masana suka sa ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Tsuntsun da maharbi ya kayar miyan dare ɗaya ne. Wanda aka ɗauka a hoto kuwa, ko da wayar hannu ce, zai tashi ya yi ƙwai baɗi. In an rubuta rana da wuri a jikin hoton, ya zama shaida ga jikoki, gama gani ya kori ji.