Batir biyu muka kashe kafin mu sa mita

Da yawanku kuna wurin ranar da aka yi rasuwa a layin bayan masallaci, aka gama wanka da sutura, aka sallaci gawa, sannan motar ƙungiya ta ƙi tashi. An murɗa makulli, sai ƙyas-ƙyas kawai. Matasa suka tura ta har bakin titi, ba ta kama ba. Ƙarshe sai motar haya muka nemo, mai ita yana ta jan ciniki, makara na ajiye a ƙasa, rana na yi. Mu 'yan kwamiti muka sha kunyar, kuma mun cancanta. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda muka yi bayan nan, shi ya sa muke wannan rubutu.

Motar dai kun san ta, tsohuwar Hiace ce da muka haɗa kuɗi muka saya don kai mara lafiya asibiti da kai mamaci makwancinsa. A nan Agege ba kowane direba ke yarda ya ɗauki gawa ba, wanda ya yarda kuma kuɗinsa daban. Ba kullum take fita ba. Takan yi kwana uku ko huɗu a ajiye.

Da ta fara wannan hali, muka ce batir ne ya tsufa. Muka sayi sabo. Sati biyu lafiya lau, sai ta koma gidan jiya. Muka kai caji, ya dawo, ya sake mutuwa. Kafin wata uku ya daina riƙe wuta gaba ɗaya, mai shagon kuma ya ce shi ba ya karɓar kayan da aka lalata. Muka zage shi a bayan idonsa, muka sayi na biyu a wani wuri.

Daga nan ne zance ya koma kan Baba direba. Wani ya ce ai dattijon yana cire batirin da dare ya kunna fanka da talabijin a ɗakinsa in an ɗauke wuta. Wani ya ce ya musanya sabon da tsoho. Babu wanda ya gani da idonsa, amma maganar ta zaga, har aka yi ta a zaman kwamiti yana zaune. Abin da ya ce kawai shi ne, "Alhaji, ni dai tun azumin da aka sa lasifikar nan na ga motar ta canza." Ba mu saurare shi ba. Washegari ya aiko yaro da makulli.

Sai bayan abin da ya faru ranar jana'iza muka kira mai wayarin, wani Bayerabe da ya tashi cikin Hausawa, Hausarsa kamar ta ɗan Kano. Bai taɓa sufana ba sai da ya ciro mita. Ya ce batir mai lafiya da ya cika, in mota a kashe take, zai nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, in ya sauko 12.2 to rabi ya tafi. Namu bai kai 11 ba. Ya ɗora nasa batirin ya tayar da ita, mita ta nuna 14.1. Ya ce to altaneta na caji, don duk abin da ke tsakanin 13.8 da 14.5 daidai ne. Ya duba fambel, da ƙarfinsa. Ya kankare farin garin da ya taru a kan batir, wanda danshin Legas ba ya raga masa, ya ce wannan ma yana hana mota tashi, amma ba shi ke shanye wuta ba.

Sannan ya kashe mota, ya zare makulli, ya rufe ƙofofi don kada fitilar ciki ta kama. Ya kwance baƙar waya daga kan batir, ya sa mita tsakanin wayar da kan batirin, yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikin mitar. Ya gargaɗe mu kada kowa ya taɓa makulli, don in aka yi kik a haka mitar ce za ta ƙone. Ya ce mota in tana barci, abin da agogo da rediyo ke ci bai kamata ya wuce amfiya 0.05 ba. Tamu tana jan 0.9.

Ya yi mana lissafin a ƙasa da tsinke. Amfiya 0.9 sau awa 24 ya haura 21 a kwana ɗaya. Batirinmu mai 75 ne. Kwana uku a ajiye, kusan 65 sun tafi, ina abin da zai juya inji? Kuma irin wannan batir ba a yi shi don a riƙa tatse shi ƙarƙaf ba. Duk lokacin da ya mutu ya kwana a mace, farantan cikinsa na lalacewa, har ya kai ko an yi caji ba ya riƙewa. Wato mai shagon da muka zaga gaskiya ya faɗa.

Neman ɓarawon wutar ne ya ɗau lokaci. Ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita, da nufin duk wanda ya zare lamba ta faɗi, to a layinsa matsalar take. Ya zare su duka, 0.9 na nan. Ya ce saura abu biyu: ko dayod ɗin altaneta ya lalace yana barin wuta ta koma baya, ko akwai wayar da ba ta bi ta akwatin fiyus ba. Har mun fara maganar wa zai je Ladipo neman altaneta. Ya cire wayar altaneta, lamba ba ta motsa ba.

Sai ya kama wata siririyar jar waya da aka naɗe a kan batir, ya bi ta da hannu har ƙarƙashin kujerar baya. Ga amfilifayar lasifika a kwance, da ɗuminta, 'yar fitilarta na ci tana kallon bango. Ya cire wayar, mita ta faɗo 0.03.

Mu muka sa aka haɗa ta. Da azumi ne, muna son a riƙa zagayawa da sanarwar tafsiri da ta rasuwa, muka ba wani yaro mai gyaran rediyo aikin don ya fi araha. Ya ja waya kai tsaye daga batir, ba fiyus, ba ta bi ta makulli ba. Ana gama sanarwa sai a rage murya a ɗauka an kashe. Mai wayarin ya ce mu gode wa Allah, don waya marar fiyus in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Ya sa mata fiyus, ya mayar da ita ta bayan makulli, ya ce in motar za ta wuce sati a ajiye a riƙa kwance baƙar wayar.

Yau sati biyar ke nan tana tashi bugu ɗaya. Kuɗin batir biyu za su fito a rahoton wata, mun rubuta su yadda suke.

Mun je gidan Baba mu huɗu, muka ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya kawo mana ruwa, amma bai karɓi makullin ba. Tunda a gaban jama'a aka ɓata shi, muna faɗa a gaban jama'a: bai taɓa batirin ƙungiya ba. Ranar Juma'a bayan sallah za mu koma tare da liman, duk dattijon da yake jin nauyinsa muna roƙon ya biyo mu. Kafin nan makulli na wurin sakatare.