Ayuba a Bakin Bature

Ayuba sunan mahaifina, amma malamin mishan da ya ɗauke shi makaranta a Wusasa sai ya rubuta "Job" a rajista, kamar yadda sunan ya zo a Baibul na Turanci. Shi na gada a dukkan takarduna.

Ban san nauyin gadon ba sai da na zo Abuja neman aiki. A wani ofis a Garki, akawu ya dubi takardata, ya tuntsire da dariya, ya kira abokinsa ya ce ga aiki ya zo neman aiki. Rubutun sunan da na kalmar aiki ɗaya ne a Turanci, lafazi ne ya bambanta, shi kuwa bai damu da lafazi ba.

Daga baya na lura da yadda Bature ke sarrafa sunan cikin zance. Yakan yi misali da haƙurin Ayuba kamar yadda muke yi, Musulminmu da Kiristanmu. Amma ya ƙara da abin da ba mu da shi: mai jajen da ke ƙara wa mutum baƙin ciki, da sunan Ayuba ake masa laƙabi, saboda abokansa uku da suka zo jaje suka ɓuge da zarginsa.

Fassarar Hausa ta 1932 Ayuba ta ce. Na taɓa zuwa ƙofar kotu don in sauya takarduna, sai na tuna "Job" mahaifina yake sa hannu har ya rasu. Na juyo.