Ɗ ta Boɗinga a Cikin Ƙwayar Kwamfuta

Tambayar da ta jawo aikin daga bakin wata ɗaliba ta fito, a wani ajin sakandare a garin Shagari. Malamin matashi ne mazaunin Boɗinga, wanda yake bin hanyar Sakkwato zuwa Jega kowace safiya don ya iso wurin aiki. Ya gama zana hoton kwamfuta a allo ke nan, yana lissafa sassanta, sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in an kunna ta, wa ka gaya mata abin da za ta fara yi?" Ya ba ta amsar da ke cikin littafi, wato babbar manhaja. Ta yi shiru irin na ladabi. Shi kuwa ya san bai gamsar da ita ba, domin shi kansa haddace amsar ya yi.

A kan hanyarsa ta komawa gida ya ƙudura cewa sai ya rubuta ƙwayar babbar manhaja da hannunsa, komai ƙanƙantarta. Ƙwayar ita ce ɓangaren da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Ita ke raba ma'adana, ita ke yanke wa kowane aiki lokacin da zai samu a wurin masarrafi, ita ke sauraron madannai da fuskar na'ura. Irinta ce Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, bayan ya yi nazarin Minix, wadda Andrew Tanenbaum ya fitar a 1987 domin koyarwa.

Matsalar malamin ita ce kwamfuta ɗaya gare shi, tsohuwa, kuma a cikinta sakamakon jarrabawar ɗalibansa yake. Sabuwar ƙwaya tana iya goge faifai gaba ɗaya saboda kuskuren layi guda. Don haka ya nemi manhajar kwaikwayo, wadda ke ƙirƙirar kwamfuta ta biyu a cikin ta farko, da masarrafinta da ma'adanarta, duk na lissafi. Ya fara gwada gem5, wadda aka samar a 2011 daga haɗakar ayyukan jami'o'in Michigan da Wisconsin a Amurka, mai bin diddigin kowane bugun agogon masarrafi. Nauyinta ya fi ƙarfin na'urarsa. Sai ya koma ga QEMU, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2003. Dabarar tsohuwa ce: a 1975 Bill Gates da Paul Allen sun rubuta manhajar BASIC ta na'urar Altair ba tare da na'urar tana hannunsu ba, a kan kwaikwayon masarrafin Intel 8080 da Allen ya shirya.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuyar gane amfanin wannan ba. Almajiri yana rubutu a allo, ya yi kuskure, ya wanke, ya sake, takarda kuwa sai hannu ya faɗa. Makonni malamin ya yi yana wanke nasa allon. Ƙwayar takan tashi ta faɗi, na'urar kwaikwayo ta sake kunna kanta, sau ɗari a dare ɗaya, har cajin batir ya ƙare. A nan ya fahimci amsar da ya kamata ya ba yarinyar: akwai wata 'yar manhaja da aka dasa a jikin na'ura tun daga masana'anta, ita ke farkawa da farko, ta ɗauko ƙwayar daga faifai, ta miƙa mata ragama.

Ranar da ƙwayar ta tsaya da ƙafarta, saƙon farko da ya umarce ta ta rubuta shi ne "Sannu daga Boɗinga". Abin da ya fito a fuskar shi ne "Sannu daga Bo╔ùinga". Dalilin a fili yake. Tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 ya tanada, bisa buƙatar Ingilishi. Tsohuwar fuskar rubutu ta kwamfuta, mai layi 25 da gurbi 80 a kowane layi, alamomi 256 ta sani, kowace da bayit ɗaya. Harafin ɗ kuwa, a tsarin UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, bayit biyu ne. Ƙwayar ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa, ta tsaga ɗ gida biyu.

Ya daɗe yana kallon sunan garinsu a karye. Hanya mafi sauƙi ita ce ya rubuta d marar ƙugiya ya wuce, kamar yadda ake yi a allunan hanya da takardun hukuma. Amma ya tuna cewa ƙasar da yake zaune a kai ta taɓa cin karo da irin wannan matsala. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Malaman ajami sun tarar da haruffan Larabci ba su da ɗ ko ƙ, sai suka ɗora musu ط da ق. Haka a shekarun 1930 aka yi wa haruffan boko ƙugiya. Kowane zamani ya karɓi baƙon rubutu, ya lanƙwasa shi har ya ɗauki sautin Hausa.

Gyaran ya ɗauke shi kwanaki. Ya koya wa ƙwayar ta gane bayit na farko a matsayin alamar cewa na biyu yana tafe, ta haɗa su harafi ɗaya. Sannan ya ɗauko littafin lissafi mai gida-gida, ya zana ɓ, ɗ, ƙ da manyansu a cikin gidaje takwas a kwance, sha shida a tsaye, ya ƙara ƴ saboda masu rubutu a Nijar. Ya mayar da kowane zane lambobi, ya sa su a guraben alamomin da ba ya buƙata. Da ya zo kan madannai, ya lura Hausa ba ta amfani da q da v da x, sai ya ba su ƙ da ɓ da ɗ.

Aikin ya kuma tilasta masa neman kalmomi. Saƙon da madannai ke aika wa masarrafi don ya dakatar da abin da yake yi, ya kira shi sallama, domin maigida yakan ajiye aikinsa ya amsa, sannan ya koma daidai inda ya tsaya. Rabon lokaci tsakanin ayyuka ya kira shi karɓa-karɓa. Waɗannan kalmomi ba su bi ta gaban wani kwamiti ba, kuma mai yiwuwa masana ƙirƙirar kalmomi su samar da waɗanda suka fi su. Sai dai wanda ya raɗa su ya ga abin yana aiki kafin ya ba shi suna, kuma a nan ne nazarin Hausa yake da rawar takawa. Muddin mai fassara bai taɓa ganin cikin na'ura ba, kuma mai gina ta bai san ƙa'idar harshe ba, kalmar da za a samu aro ce kawai. Garin Shagari ya san wannan darasi, domin Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne kafin siyasa, kuma da Hausa ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa.

Ƙwayar malamin ba ta shiga intanet, ba ta ajiye fayil. Rubutu take karɓa, ta kuma gudanar da ƙananan ayyuka biyu bi da bi. Wata Litinin ya ɗauki kwamfutar zuwa aji, ya ajiye ta a kan tebur, ya kira yarinyar. Ya nuna mata layukan da ke fara aiki idan an kunna, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ta rubuta abin da ta ga dama. Ta rubuta "ƙasa", ta rubuta "kasa" a ƙarƙashinta, ta dubi bambancin. Sai ta ce, "Malam, to ita 'yar manhajar da ka farkawa da farko, wa ya rubuta ta?"